Kuɗin adashen da na miƙa wa ɓarawo da hannuna

Ni malamar makarantar firamare ce a Tudun Wada, cikin garin Kaduna, kuma shekarata 22 ina riƙe da alli. Kusan rabin waɗannan shekaru na yi su ina uwar adashen malamai mata na makarantarmu da wasu maƙwabtana, saboda an shaide ni da riƙon amana da iya lissafi. Mu 20 ne a cikin adashen, kowacce tana zuba naira 20,000 idan albashi ya shigo, mai kwasa ta ɗauki naira 400,000 a dunƙule. Ina da wani tsohon littafi mai baƙin bango da nake rubuta sunan duk wadda ta zuba da ranar da ta zuba, kuma a tsawon wannan lokaci ko naira ɗaya ba ta taɓa salwanta a hannuna ba, har zuwa ranar Juma'a 17 ga Fabrairun 2023.

Kafin in kai ga wannan rana, ya kamata in faɗi irin kallon da nake yi wa kaina. A shekarar 2016, lokacin da guguwar MMM ta shigo gari, wasu abokan aikina sun zuba kuɗinsu saboda alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, ni kuwa na ƙi, na ce duk kasuwancin da ba a ga hajarsa ba yaudara ce. Da aka rufe asusun mutane a watan Disambar shekarar, na yi musu jaje a baki, amma a zuciyata ina jin daɗin cewa ni ce mai hangen nesa. Tun daga nan na ɗauka cewa kwaɗayi ne kawai yake kai mutum hannun 'yan damfara, kuma tunda ni ba mai kwaɗayi ba ce, ba ni cikin waɗanda za a iya cuta.

Duk wanda yake Kaduna a farkon 2023 zai tuna wahalar canjin kuɗi. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa tsofaffin wa'adin ƙarshen Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su wadata ba. Mutane suna yin sammako bayan asuba su kama layi a bakin bankunan titin Yakubu Gowon da na Ahmadu Bello, wasu su wuni su koma gida hannu rabbana. Ni kaina na taɓa biyan mai POS naira 1,500 don ya ba ni naira 10,000 in yi cefane. Jiharmu tana cikin jihohi uku da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli a kan batun, tare da Kogi da Zamfara, saboda haka kullum da sabon labari, yau a ce tsohon kuɗi yana aiki, gobe mai kayan miya ya ƙi karɓa. A cikin wannan ruɗani ne muka daina zubin hannu da hannu, aka koma turo kuɗi ta waya zuwa asusuna. Zubin ƙarshen Janairu bai cika ba sai tsakiyar Fabrairu saboda matsalar sabis, kuma a cikin asusun akwai wata naira 230,000 tawa da nake tarawa don kayan ɗakin 'yata da za a aurar bayan ƙaramar Sallah.

Wajen ƙarfe uku na wannan Juma'a, maigidana bai dawo daga masallaci ba, ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, sai wayata ta yi ƙara. Namiji ne, ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe ni da Hausa tsantsa wadda babu gargada a cikinta, ya tambayi gida da yara da ɗalibai. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali, domin a tunanina ɗan damfara Turanci yake yi. Ya ce daga sashen kula da masu ajiya na bankina yake kira, ya ambaci sunan bankin daidai, ya karanto cikakken sunana da ranar haihuwata da lambar asusuna ba tare da ya tambaye ni komai ba. Daga nan ya ce, "Malama, saboda wannan canjin kuɗi an umarce mu da mu rufe duk asusun da sunan da ke kan BVN ɗinsa bai yi daidai da na NIN ba, kuma naki yana cikin waɗanda za a rufe da ƙarfe huɗu na yau."

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangona a tsage yake. Gaskiya ne akwai bambancin harafi ɗaya a yadda aka rubuta sunan mahaifina a katin ɗan ƙasa da yadda yake a banki, abin da na daɗe ina cewa zan je in gyara ban je ba. Daga baya na fahimci cewa irin wannan bambanci ya yi yawa a tsakanin mutanenmu, ta yadda idan mutum ya kira mutum goma ya faɗa musu haka, zai dace da wasu ko da bai san komai a kansu ba. A lokacin dai abin da ya zo mini a rai shi ne kuɗin mutane, da malamar da kwasa ta zo kanta tana jiran ta biya hayar gidanta a Unguwar Sanusi, da kuma layin banki da na san ba zan iya shiga ba kafin a tashi. Na ce masa ranar Litinin zan zo da kaina. Ya ce idan aka rufe, buɗewa sai an aika Abuja, kuma zai iya ɗaukar wata uku, amma saboda ya ga ni malama ce mai hidima wa al'umma zai taimaka mini mu gyara ta waya cikin minti biyar.

Abin da ya yi bayan haka shi ne abin da har yau nake jinjina wa sharrinsa. Ya ce, "Malama, ki saurare ni da kyau, kada ki taɓa faɗa wa kowa lambar sirrinki, ko ni kada ki faɗa mini, ma'aikacin banki ba ya tambayar lambar sirri." Wannan ita ce maganar da nake ji a rediyo kullum, ita ce kuma nake faɗa wa wasu, saboda haka sai na ji sauran shakkar da ke raina ta tafi. Ya turo mini wani adireshin intanet ta saƙon tes, ya ce in buɗe in cike da kaina ba tare da ya ji ba. Shafin ya buɗe da tambarin bankina da launinsa, har da hoton wata mata tana murmushi riƙe da kati. Na rubuta lambobi 16 da ke gaban katina, da watan da zai daina aiki, da lambobi uku na bayansa, sannan na rubuta lambar sirrina a cikin ɗan akwatin da ke nuna taurari maimakon lambobi, ina ganin ai a ɓoye take. Ban kalli adireshin da ke saman shafin ba, wanda ɗana ya nuna mini daga baya cewa ko kama da na bankin bai yi ba.

Sai ya ce wata lamba za ta shigo wayata, in karanto masa don ya kammala gyaran. Lambar ta shigo, na karanto. Ya ce sabis ya katse, ta lalace, wata za ta shigo. Na karanto ta biyu, na karanto ta uku. A cikin kowane saƙo an rubuta da Turanci ƙarara cewa kada a ba kowa wannan lamba, har da adadin kuɗin da ake shirin cirewa, kuma ni Turanci nake koyarwa a aji biyar, amma idona lambobin kawai yake gani domin yana ta cewa in yi sauri ƙarfe huɗu ta kusa. Ina jin wasu saƙonni suna shigowa, ya ce gwaji ne na na'ura, kada in katse kiran in duba, domin idan na katse aikin zai koma farko. Minti 23 muka yi. Ya rufe da yi mini addu'ar Allah ya sa albarka a aikina, na ce amin, har na gode masa.

Da na duba saƙonnin sai na ga naira 200,000 ta fita, wata 200,000 ta fita, sannan 220,000. Na kira lambarsa na ji a kashe. Na zauna a kan turmi rariya tana hannuna, na kasa ko salati na wani lokaci. Ban san cewa bankuna suna da gajeriyar lambar da mutum zai danna ya toshe asusunsa nan take ko da a wayar wani ba ne, kuma ban tuna da lambar da ke bayan katin ba sai bayan magariba, lokacin da na shige ɗaki na kira a ɓoye aka toshe katin da babu abin da ya rage a bayansa sai kusan naira 10,000.

Ranar Litinin na ce wa maigidana zan je gyaran BVN, na kama layi tun bakwai na safe, ban samu shiga ba sai bayan azahar. Ma'aikaciyar da ta saurare ni ta ba ni takardar koke na cike, ta bayyana mini cewa irin waɗannan mutane ba sa barin kuɗi ya kwana a wuri ɗaya, suna rarraba shi zuwa asusu daban-daban a wasu bankuna da manhajojin kuɗi, su cire ta hannun masu POS, saboda haka sa'ar farko ita ce mai muhimmanci, ni kuwa na zo bayan kwana uku. Ta ce za su rubuta wa inda kuɗin ya shiga a dakatar da abin da aka tarar, amma dawo da shi yana iya buƙatar umarnin kotu. Ta tambaye ni ko ni na ba da lambobin da kaina, na sunkuyar da kai na ce ni ce.

Asarar kuɗin ba ita ce ta fi nauyi a cikin wannan labari ba, kuma ba don ita na ɗauki alƙalami ba. Kwana 11 na yi ban faɗa wa kowa ba. Malamar da ke da kwasa ta kira ni sau uku, kowane lokaci in ce mata sabis ne, na tura ya dawo, ta ƙara haƙuri. A wancan lokaci babu ƙaryar da ta fi wannan sauƙin shiga, domin kowa ya san taransifa tana maƙalewa, sai ta ce, "Babu komai Anti, Allah ya kawo mana sauƙin wannan hali." Duk lokacin da ta faɗi haka sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Na daina cin abinci sosai, ina tashi tsakar dare ina lissafin wanda zan ranta a wurinsa ba tare da ya tambayi dalili ba. Abin da nake tsoro shi ne a ce wance mai wayo, wadda ta yi wa mutane wa'azi a kan MMM, ita ma an yi mata.

Ranar Talata 28 ga wata da yamma, wata ƙaramar malama da ke cikin adashenmu, wadda ba ta fi shekara uku da fara aiki ba, ta yi sallama a gidana idonta ya kumbura. Ta ce jiya wani ya kira ta daga banki a kan sunanta na BVN, ya hana ta faɗa masa lambar sirri, ya turo mata shafi ta cike, naira 85,000 da take tarawa don kuɗin makarantar ƙaninta ta tafi. Ta ce, "Anti, wurinki na zo domin ke ce kika san kan waɗannan abubuwa, ki faɗa mini yadda zan yi." Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma da na buɗe baki tun ranar Asabar na rubuta layi biyu a zaurenmu na WhatsApp, da wannan yarinya ta katse kiran tun daga sallama. A gabanta na fashe da kuka na faɗa mata komai, ita da ta zo neman lallashi ta koma tana lallashina.

A daren na faɗa wa maigidana. Ya yi shiru mai tsawo, ya yi istirja'i, sannan ya ce, "Kuɗi dai sun tafi, amma kwana goma sha ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya kina ɗauke da wannan ke kaɗai, me kika ɗauke ni?" Wannan tambaya ta fi mini zafi a kan faɗa. Ya kira babban ɗanmu da ke karatun kwamfuta, ya zo washegari ya karɓi wayata yana bincike. Shi ne ya tambaye ni ko na taɓa cike wata takarda a intanet da ta nemi bayanan banki. Sai na tuna cewa a watan Disamba wani saƙo ya yi ta yawo cewa za a ba malaman firamare tallafi, a cike suna da ranar haihuwa da lambar waya da sunan banki da lambar asusu da BVN. Na cike, kuma ni ce da hannuna na tura shi zauren malamai na ce kowa ya gwada sa'arsa. Ƙaramar malamar nan ta cike, wasu shida ma sun cike. Ɗana ya ce a ganinsa daga nan mutumin ya san ni malama ce, ya san bankina da ranar haihuwata, wato abin da na ɗauka hujja ce cewa daga banki yake, ni ce na ba shi tun wata biyu da suka wuce. Ashe kwaɗayin da nake cewa ba ni da shi, ɗan kaɗan ɗin da nake da shi ya isa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tara 'yan adashe a gidana ranar Asabar, na ɗora takardar bayanan asusuna da na karɓo daga banki a kan tabarma tare da baƙin littafina, na faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, har da ƙaryar sabis da na yi. Na nemi gafarar mai kwasa a gaban kowa. Yawancinsu sun tausaya, wasu biyu suka ce su ma an kira su a makon amma suna aji ba su ɗauka ba. Wata kuwa ta ce a bayan idona, kuma maganar ta dawo mini, wai wa ya sani ko kayan ɗaki aka saya da kuɗin aka laƙa wa 'yan damfara. Na ji ciwo, amma ban ga laifinta sosai ba, domin wanda ya yi ƙarya sau uku shi ya ba da ƙofar a yi shakkar gaskiyarsa.

Maigidana ya tambayi wani malami a masallacin unguwarmu hukuncin abin, aka ce masa wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma idan ya yi sakaci biya ya hau kansa. Wasu daga cikin 'yan adashen sun ce a raba asarar kowa ya ɗauki kaso, na ƙi, domin ni na san an rubuta gargaɗi a cikin saƙon nan har sau uku ban karanta ba. Na sayar da 'yan kunnena na gwal da na gada daga mahaifiyata, na sayar da firjin da nake ƙanƙara da zoɓo da shi, yayana da ke Kawo ya ranta mini sauran. Kafin a kama azumi a ƙarshen Maris mai kwasa ta karɓi kuɗinta cif, kodayake sai da ta sha magana daga mai gidan haya saboda jinkirin da na jawo mata. Auren 'yata an yi shi bayan Sallah da kayan da suka samu.

Ana cikin haka wata fitinar ta ɓullo. Ƙanwata ta ba da labarina a Facebook ba tare da suna ba, sai wani ya bi ta ta akwatin saƙo ya ce shi ƙwararre ne wajen bin sawun kuɗin da aka sace, yana da mutane a cikin hukuma, a ba shi naira 30,000 na buɗe fayil cikin kwana biyu kuɗi su dawo. Ina faɗa da kunya cewa na fara neman inda zan samo kuɗin, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ɗana ne ya hana, ya ce waɗannan su ne kashi na biyu na sana'ar, suna farautar wanda aka riga aka cuta saboda sun san hankalinsa ba ya jikinsa. Ya rubuta mana takardar koke muka kai ofishin hukumar EFCC na Kaduna da kanmu, aka karɓa ba a nemi ko kwabo ba. A watan Yuli banki ya kira ni, wannan karon na ce zan zo da ƙafata kuma na je, aka shaida mini cewa an tarar da naira 41,000 a ɗaya daga cikin asusun da aka dakatar, aka dawo mini da ita. Rabinta na ba ƙaramar malamar nan.

Na so in ajiye riƙon adashen, amma suka ce ba su yarda ba, sai dai a sauya tsari. Yanzu kuɗin yana wani asusu dabam da ba shi da kati kuma ba a haɗa shi da kowace manhaja ba, mu biyu muke sa hannu kafin a cire, kuma ba ya kwana biyu bayan ya cika sai an miƙa wa mai shi. A cikin bangon baƙin littafina na rubuta lambar toshe asusu ta bankin kowace ɗaya daga cikinmu. Ɗana ya sa wa layina lambar sirri saboda ko an sace wayar, ya kunna mini tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp. Darasin da na koya ya yi rana a shekarar da ta biyo baya, lokacin da wata mata ta kira ni ta ce ita ce sakatariyar wani taron malamai da za a yi ta intanet da daddare, an turo mini lambobi shida na shiga taron, in karanto mata. Na buɗe saƙon na karanta shi tun daga farko har ƙarshe, na ga lambar rajistar WhatsApp ɗina ce, wadda suke nema don su ƙwace shafina su shiga roƙon kuɗi da sunana a wurin duk wanda ya yarda da ni. Na ce mata ta ba ni sunan shugaban taron in kira shi da kaina, sai ta kashe wayar. Kafin in ajiye tawa na rubuta a zauren malamai da na dangi abin da ya faru, da lambar da aka kira ni da ita, da kalmomin da aka yi amfani da su, kuma kafin isha'i mutum huɗu suka amsa cewa su ma an kira su.

Bashin yayana na gama biya a cikin wata 14, ina cirewa daga albashi kaɗan-kaɗan. Na sayi wani firjin na hannu a bara na koma sana'ar ƙanƙara. 'Yan kunnen mahaifiyata kuwa na koma wurin wanda na sayar wa a kasuwa bayan wata shida, ya ce an daɗe da narkar da su.